Wasannin Dara da Karta na Ƙananan Yara a Dutse Uku, Jos: Sharhi a Kan Ma'aunin "Gargajiya" a Nazarin Wasannin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi rubuce-rubucen da ake yi a kan wasannin yara a ƙasar Hausa, tun daga littattafan makarantu har zuwa kundayen neman digiri, zai tarar da tsari guda yana ta maimaituwa. Manazarci yakan raba wasannin gida biyu, wato na maza da na mata, sa'an nan ya jero su: langa da a-sha-ruwan-tsuntsaye da gaɗa da carafke da 'yar tsana da wasannin tashe. Daga nan sai ya kawo waƙar da ake yi a cikin kowane, ya fito da darussan da take koyarwa, ya rufe da kukan cewa zamani ya kashe wasannin gargajiya. Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai, domin ba don shi ba da waƙoƙi masu yawa sun salwanta. Sai dai kuma akwai wani rukuni na wasanni da wannan tsari yake tsallakewa, ko kuwa ya ambace shi a layi ɗaya ya wuce. Rukunin shi ne na wasannin da yara suke yi a zaune, a gaban gurabe ko allo ko kati, babu waƙa, babu tsalle, babu kuma wani babba a kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan ma'aunin da ya jawo wannan tsallake. Za a yi haka ta hanyar duba wasanni uku da yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu suke yi a unguwar Dutse Uku ta cikin birnin Jos, wato dara da lido da kartar Whot. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, asalin kayan wasa bai isa ya zama ma'aunin da za a ce wasa na Hausa ne ko ba na Hausa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a duba hannun da dokar wasan take ciki, da kuma harshen da ake yanke hukunci da shi idan gardama ta tashi.

2.0 Dutse Uku da Yaranta

Birnin Jos ya bunƙasa ne a farkon ƙarni na 20 saboda haƙar kuza, wadda ta jawo leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno da kudancin ƙasa, suka zauna tare da Afizere da Anaguta da Berom. A cikin wannan cakuɗa Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa, har ma da na majami'a, musamman bayan fitowar fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Dutse Uku tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kusa da Nasarawa Gwom da Unguwar Rukuba, kuma kamar yadda sunanta ya nuna, wuri ne mai duwatsu, gidaje sun hau su sun sauka.

Ba za a yi maganar wannan unguwa a ɓoye tabon da take ɗauke da shi ba. Jos ta ga rikici a watan Satumba na 2001, ta sake gani a Nuwamba na 2008. Na ranar Lahadi 17 ga Janairu 2010 kuwa a yankin Dutse Uku ya fara, a kan sake gina wani gida da aka rusa a rikicin 2008, kodayake ɓangarorin biyu sun saɓa a kan yadda abin ya tashi. Sakamakon waɗannan fitintinu shi ne mutane suka riƙa ƙaura zuwa inda masu addininsu suka fi yawa, har unguwannin da a da suke gauraye suka rabu.

Ni baƙo ne a nan. Aikin koyarwa ya kawo ni Jos daga ƙasar Katsina, na kama haya a gefen wannan yanki, kuma abin da zan kawo a ƙasa na gan shi ne a ƙofar gida da bakin famfo da kan duwatsun da yara suke hawa su sha hantsi a lokacin hunturu, domin sanyin Jos ba ya barin yaro ya zauna a inuwa da safe.

3.0 Yadda Nazari Ya Kalli Wasannin Yara

Manazartan farko sun zo wa wasannin yara ne ta ƙofar adabi. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971 domin amfanin makarantu, sa'an nan Abdulƙadir Ɗangambo ya fito da Rabe-Raben Adabin Hausa a 1984, wanda ya taimaka wajen daidaita yadda ake kasa adabin a azuzuwanmu. Babu laifi a kan waɗannan magabata, domin tambayar da ke gabansu ta adabi ce, kuma sun amsa ta. Matsalar ta taso ne daga mu da muka biyo baya, muka ɗauki rabon da aka yi don adabi muka mayar da shi rabon wasanni gaba ɗaya. Da yake adabi yana neman waƙa ko zube ko kwaikwayo, sai ya zamana wasan da yake da waƙa ya sami shiga, wanda yake da kwaikwayo, kamar tashe da 'yar tsana, aka sa shi a ƙarƙashin wasan kwaikwayo na gargajiya, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa ya rasa mazauni.

Idan aka leƙa abin da masana na wasu ƙasashe suka yi, giɓin zai ƙara fitowa. Bafaranshen nan Roger Caillois, a littafinsa na 1958, ya kasa wasa gida huɗu: na gasa, da na sa'a, da na kwaikwayo, da na juwa, wato irin wanda yaro yake jujjuyawa har jiri ya kwashe shi. A bisa wannan rabo, nazarinmu ya ƙware a kan kwaikwayo da gasar ƙarfin jiki, ya bar gasar tunani da wasan sa'a. Haka kuma Iona da Peter Opie, a aikinsu na 1969 a kan yaran Birtaniya, sun taƙaita kansu da gangan ga wasannin da yara suke yi da kansu idan ba babba a kusa. Tun kafin su, Jean Piaget ya gina littafinsa na 1932 a kan yadda yaran ƙasar Suwizalan suke fahimtar dokokin wasan ƙwallayen gilashi, inda ya nuna cewa ƙaramin yaro yana ɗaukar doka a matsayin abin da aka gada wanda ba ya taɓuwa, amma idan ya kai wajen shekara goma sai ya gane cewa doka yarjejeniya ce da za a iya sauyawa in kowa ya yarda. Abin lura a nan shi ne, waɗannan masana sun ɗauki gardamar yara a kan doka a matsayin abin nazari. Mu kuwa mun ɗauke ta hayaniya.

Ma'auni na biyu da ya cuci wannan rukuni shi ne na asali. Da zarar an ce lido ko karta, sai manazarci ya ce ai waɗannan baƙi ne, na zamani ne, ba su cikin al'ada. Wannan hukunci shi za a gwada a sassan da ke biye.

4.0 Wasannin Uku

4.1 Dara

Sunan dara a bakin Bahaushe ya ƙunshi wasa fiye da ɗaya. Akwai wadda ake haƙa gurabe goma sha biyu a layi biyu, a zuba 'ya'ya huɗu a kowane, a riƙa kwasa ana rarrabawa, irin wadda Yarabawa suke kira ayo. Akwai kuma darar jeri, mai gurabe talatin, wato layi biyar sau shida, inda kowane ɗan wasa yake da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya ya riƙe tsinke ko guntayen kara. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku a wannan mataki ba. Idan an gama dasawa sai a fara matsawa gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, kuma duk wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Gwani shi ne mai iya kafa doki, wato tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gurabe biyu, kowane motsi yana cika jerin uku. Zabarmawa suna kiran wannan wasa dili, kuma R. C. Bell ya bayyana shi a littafinsa na 1960 a matsayin wasan Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru.

Ko wannan wasa da babu mai musun kasancewarsa na gida, ashe ba na Hausawa kaɗai ba ne. Duk da haka ya shiga harshe har ya haifi karin magana, domin idan sharrin mutum ya komo kan nasa sai a ce dara ta ci gida. A Dutse Uku darar jeri ta yi ƙaranci a hannun yara. Inda ƙasa ta zama dutse ko daɓen siminti ba a haƙa gurbi, don haka waɗanda suka iya sukan zana gidajen da gawayi ko alli, su yi amfani da marafen kwalba, ɗaya ya kife nasa, ɗaya ya bar su a buɗe.

4.2 Lido

Ludo, wanda Hausawa da yawa suke cewa lido, ya samo asali daga wasan pachisi na ƙasar Indiya, aka sauƙaƙa shi aka yi masa rajista a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19. Allon yana da gidaje huɗu masu launi huɗu, kowane da 'ya'ya huɗu, kuma ɗa ba ya fita daga gida sai an jefa ƙwaya ta nuna shida. A bayan allon kwali sau da yawa akan sami wasan maciji da tsani mai gidaje ɗari, wanda shi ma daga Indiya ya bi ta Ingila ya iso mu, kuma shi ne ƙanana suke fara koya domin ba ya bukatar komai sai ƙirga.

Lidon da ake yi a Dutse Uku ya bambanta da wanda aka rubuta a jikin kwalin. Da ƙwaya biyu ake yi, ana kaɗa su a cikin ɗan gwangwani. Mutum biyu sukan riƙe gida bibbiyu. Sa'an nan idan ɗanka ya taka na abokin karawa, nasa ya koma gida, naka kuma an ɗauke shi daga allo a matsayin wanda ya riga ya isa, ba sai ya ƙarasa zagaye ba. Wannan doka ta sauya yanayin wasan ɗungurungum, domin ta mayar da shi daga tsere zuwa farauta.

4.3 Whot

Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro kartar Whot a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga ta. Kati 54 ne, masu siffa biyar: da'ira 12, mai kusurwa uku 12, gicciye 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai kuma katin Whot guda 5 masu lamba 20. Babu lamba 6 da 9 a cikinsu. Ana ajiye kati a kan wanda ya yi daidai da shi a siffa ko a lamba, wanda ya rasa ya ɗauka daga tarin da ke tsakiya, wanda ya fara ƙarar da na hannunsa shi ya ci. A ƙasar da aka haife ta kartar ta ja baya, a Nijeriya kuwa ta zauna daram, kuma a nan ta sami dokokin da suka sa ta armashi: lamba 1 tana tsayar da na gaba, 2 tana sa shi ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 a tsallake shi, 14 kuwa kowa ya ɗauki ɗaya ban da wanda ya ajiye.

A nan zan kawo abin da ya faru a gidana, domin shi ya fara jawo hankalina ga wannan batu. Na taso a gidan da ko sunan karta ba a ambata, don haka ranar da na ga ɗana mai shekara takwas da Whot a aljihu, ban tsaya tambaya ba na karɓe. Bayan kwana biyu na iske shi da abokansa a bayan gida sun yayyanka kwalin taliya, sun zana siffofin da biro, suna cikin wasa. Da na ɗauki katunan na duba, sai na ce sun manta da shida da tara. Wani yaron maƙwabta ya ce, "Baba, ai babu su a ciki." Na koma ɗaki na ƙirga waɗanda na ƙwace, na tarar gaskiyarsa. Abin da na karɓe takarda ce kawai. Wasan yana cikin kawunansu, da lissafinsa cif.

5.0 Harshen Wasa

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa waɗannan wasanni sun cancanci nazarin masanin Hausa ita ce harshen da ake yin su da shi. Ana iya kasa kalmomin gida uku.

Kashi na farko kalmomi ne na Hausa da aka kwaso daga dara aka ɗora wa baƙin wasanni. Fi'ilin "ci" shi ne ginshiƙi: ana cin ɗa, ana cin wasa, wanda aka gama da shi an cinye shi. Abin da ake turawa a kan allon lido "ɗa" ne, jam'insa "'ya'ya", kamar dai a dara. Ɗa yana "fita" daga "gida", ana "kashe" shi, yana "komawa". Wato yaron da bai taɓa haƙa gurbi ba yana magana da bakin kakansa mai dara ba tare da ya sani ba.

Kashi na biyu kalmomin aro ne daga Ingilishi waɗanda suka bi ƙa'idar furucin Hausa. Shida a lido "siki" ce. A Whot ana jin "holon" da "fik-tu" da "las-kad", murabba'i kuma "kafet" ne, da'ira "bol". Abin sha'awa ga mai nazarin nahawu shi ne yadda ake shigar da su jimla ta hanyar fi'ilin "yi", kamar a ce "ya yi mini fik-tu", daidai da yadda manya suke cewa "ya yi fakin".

Kashi na uku fassara ce. Tarin katin da ke tsakiya, wanda 'yan Nijeriya suka raɗa wa sunan kasuwa da Ingilishi, yaran suna kiransa "kasuwa" da Hausa, su ce "tafi kasuwa", ko kuwa idan an ajiye 14 a ce "kowa kasuwa". Ga yaron da aike ya saba katse masa wasa, babu horon da ya fi wannan ma'ana. Saboda haka taswirar wasan ta zama gida da kasuwa, wato iyakokin duniyar yaro guda biyu.

Bugu da ƙari, a bakin allo ake jin Hausar Jos tsagwaronta. Yaron da Hausa ba harshen gidansu ba ne yakan ce "karta na ne", ɗan gidan Hausawa ya ce "kartata ce", kuma ba wanda yake gyara wa wani, domin hankali yana kan kati. Na kuma lura cewa waɗannan kalmomi iri ɗaya ne a ɓangarorin unguwa biyu da rikici ya raba. Ba ina cewa lido zai sasanta abin da ya gagari kwamitocin bincike ba ne. Abin da na gani kawai shi ne, yaran da aka haifa bayan 2010, waɗanda iyayensu ba sa shiga layin juna bayan magariba, idan makaranta ko layin ɗiban ruwa ya haɗa su, ba sa bukatar tafinta kafin a raba kati.

6.0 Doka da Hukunci a Hannun Yara

Wasan da ba babba a kansa dole ya samar wa kansa alƙali. Na ga hanyoyi biyar da yaran suke bi.

Ta farko ita ce canki-canka domin fitar da mai farawa, inda ake ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya. Ta biyu ita ce gindaya sharaɗi kafin a raba kati: shin ana tare fik-tu da wani 2 a tura wa na gaba huɗu? Shin ana gamawa da katin Whot? Wannan zama na share fage yakan ɗauki lokaci, kuma a nan ake gane mai baki da mai haƙuri. Ta uku ita ce "a sake", wadda ake amfani da ita idan ƙwaya ta faɗi ƙasa ko ta tsaya a karkace. Ta huɗu ita ce rantsuwa da shaidar 'yan kallo idan an zargi wani da maguɗi, kamar ɓoye kati a ƙarƙashin cinya ko ƙara gida ɗaya wajen ƙirga. Ta biyar, wadda ta fi kowace tsanani, ita ce "ba na yi". Mai wannan furuci yana rusa wasan ga kowa, don haka ba a yinsa da wasa, kuma wanda ya cika yinsa gobe ba za a kira shi ba. Hatta mai allo, wanda yake iya naɗe kayansa ya tafi gida, ya san allo ba ya amfani ga mutum ɗaya.

Akwai kuma sassauci ga ƙanana. Na sha ganin an bar ɗan shekara biyar ya fito da ɗansa ba tare da siki ba, ko yayarsa ta zauna a bayansa tana nuna masa katin da zai ajiye, kuma babu mai kiran wannan maguɗi. Wannan ya yi daidai da abin da Piaget ya faɗa game da manyan yara, cewa sun san doka yarjejeniya ce, sai dai a nan an ƙara da wani abu na tarbiyyar gida, wato nauyin ƙane a kan wa.

Sau ɗaya na yi karambanin shiga. Gardama ta tashi a kan ko ɗan da ya kashe wani zai fita daga allo, sai na ɗauki murfin kwalin na karanta musu abin da aka rubuta. Suka yi tsit. Wata yarinya ta ce, "Malam, ba haka muke yi a nan ba." Ba su musa mini ba, ba su kuma bi hukuncina ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, wasan ya mutu. Tun daga ranar na gane cewa rashin babba sharaɗi ne na wannan rukunin wasanni, kuma manazarcin da yake son ya gan su sai ya koyi zama nesa da rufe baki.

7.0 Ƙorafe-Ƙorafe

Akwai ƙorafi uku da ya kamata a fuskanta.

Na farko shi ne na caca. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, hadisai sun yi hani ga wasan nardu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana nardu da shaɗaranji. Majami'u ma suna wa'azi a kan caca. Wannan ne dalilin da ya sa kalmar karta take da wari a kunnen iyaye, shi ne kuma ya sa yara suke kai ta bayan gida. Tsoron ba na banza ba ne. Yaran da na gani suna sa robar ɗaure kuɗi ko marafen kwalba ko ranƙwashi a matsayin abin ci, kuma tazarar da ke tsakanin wannan da naira ba ta da yawa, balle ga shagunan cacar ƙwallo a kan titi. Hukuncin halacci na malaman addini ne. Amma nazari ba halattawa ba ne, domin mun rubuta kundaye a kan bori ba tare da an ce mun shiga bori ba. Uban da ya san bambancin wasan da ake yi don ci da wanda ake yi don kuɗi ya fi iya tsare ɗansa a kan wanda ya ƙwace kati ya juya baya, kamar yadda na yi.

Na biyu shi ne, idan duk abin da aka yi da Hausa ya zama na Hausa, to kalmar gargajiya ta rasa ma'ana. Amsa ita ce a bambance asali da mallaka. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa a shekarun 1930, amma babu wanda ya fitar da littafin daga adabin Hausa, domin ya sa musu rigar gida. Abin da Imam ya yi da alƙalami shi yara suka yi wa lido da Whot da baki. Ana iya ci gaba da kiran dara ta gargajiya, a kira lido baƙon da ya zama ɗan gari, amma duka biyun suna cikin gona ɗaya.

Na uku ya fi nauyi, kuma na yarda da rabinsa. Dara wasan tunani ce zalla, babu sa'a a cikinta, wanda aka ci ba shi da abin zargi sai kansa. Lido kuwa rabinsa ƙwaya ce, maciji da tsani ma gaba ɗayansa sa'a ne. Idan dara ta ɓace daga hannun yara an yi asarar wata makarantar hangen nesa, da kalmomi irin su doki da gurbi a ma'anarsu ta wasa. Sai dai ba lido ne abokin gabar dara ba, tun da yaro guda yana iya yin duka biyun a yini ɗaya. Abin da yake barazana ga dukkansu shi ne komawar wasan cikin waya. Manhajar Ludo King, wadda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ta shiga wayoyi da yawa, kuma a cikinta na'ura ce take jefa ƙwaya, ita take ƙirga gidaje, ita take yanke hukunci. Babu sharaɗin farko, babu "a sake", babu sassauci ga ƙane, babu dokar unguwa. Wato babban da yara suka guje wa ya dawo ta cikin waya, kuma wannan ba ya jin Hausa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ma'aunai biyu, na waƙa da na asali, sun sa nazarin wasannin Hausa ya tsallake wani rukuni mai rai. An duba dara da lido da Whot kamar yadda yaran Dutse Uku suke yin su, aka ga cewa kalmomin dara sun ƙaura zuwa baƙin wasanni, dokokin da aka buga a Ingila sun sauya a hannun yara, kuma gardamar da ake yi a bakin allo tana da tsari da matakai.

Saboda haka ana ba da shawarar cewa mai nazarin wasa ya riƙa yin tambaya uku kafin ya yanke hukunci: wa yake riƙe da doka, da wane harshe ake gardama, kuma me ake yi wa wanda ya karya? Ana kuma kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundi su naɗi maganganun da ake yi a bakin allo a Jos da Kano da Katsina da Maraɗi, a kwatanta, domin akwai aikin karin harshe da na aron kalmomi a wurin. Daga ƙarshe, masu son raya dara su yi hattara da sa ta a jadawalin darasi a ƙarƙashin malami mai bulala. Ya fi kyau kaka ya koya wa jika yadda ake kafa doki, sa'an nan ya tashi ya ba su wuri.